Ranar da Magdalene Ta Huda Tukunya

Idan ka bi titunan Abuja a yau za ka ga masu sayar da fulawar ado sun jera tukwanen ƙasa a gindin bishiyoyi, jajaye da baƙaƙe, manya da ƙanana. Ni ba na iya wucewa ban rage gudu ba, har mijina Hassan ya gaji da yi mini tsiya a kan haka. Dalili kuwa shi ne na san wata mata da ta sha fama da ranta kafin ta yarda ta yi irin wannan tukunya, kuma ina wurin ranar da ta yarda. Sunanta Magdalene, amma a kasuwar Wuse Mama Dominic ake ce mata, da sunan ɗanta na fari.

Na san ta ne lokacin da gwamnati ta tattaro mu daga Legas ta juye a nan, ƙarshen shekarar 1991 ke nan. Manyan motoci suka yi ta jigilar tebura da kujeru da fayil-fayil, mu ma'aikata muka biyo baya da 'ya'ya da katifu, kowa fuska a murtuke. Aka ba mu gida a hawa na biyu na wani bene a Wuse. In ka leƙa ta taga ba abin da kake gani sai jar ƙasa da katafila da gine-ginen da ba a gama ba. Ga tituna masu faɗi, ba mutane a kai. Ni da nake zagin Legas kullum safiya, sai ga ni ina kewar cunkoson motocinta, abin da ban taɓa zaton zan faɗa da bakina ba.

Ba mu daɗe ba Hajiyarmu ta zo daga Kano ta ga inda aka jefa 'yarta. Ta zauna, ta ƙare wa gidan kallo, ta ce ita ba ta shan ruwan firji, yana tayar mata da ciwon haƙori, a nemo mata randa. Na zaga kasuwar Wuse har ƙafata ta yi zafi, ko'ina robobi ne shuɗi da ja. Can bayan masu doya na hango wata doguwar mata Bagbagyiya zaune a kan dutse, ga randuna uku a gabanta masu sheƙi, an yi musu zane da totuwar masara a wuya. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ta amsa da ƙara mai daɗi. Sai na yi tambayar da kowa yake yi.

"Mama, ba ta yoyo dai ko?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda ya shigo masallaci da takalmi. Ta ce, "Hajiya, ka tambayi mutane. Randa na yana gumi, ba ya yoyo. In ya yi yoyo, ka kawo shi ka fasa a kaina."

Hausarta irin ta mutanen wajen nan ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Ban je Makka ba a lokacin, amma tun ranar na zama Hajiya, kuma ban yi musu ba. Ta ɗora randar a kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka, ta biyo ni a ƙafa har gida, ta hau benen nan ba ta ko yi haki ba. Hajiyarmu ta kurɓi ruwan washegari ta ce wannan ne ruwa. Su biyun suka ƙulla zumunci, ni na ci gadonsa bayan Hajiya ta koma.

A hankali na san labarinta. An haife ta a wani ƙauye cikin duwatsu, wajen da daga baya aka gina rukunin gidajen Gwarinpa. Mahaifiyarta maginiya ce, kakarta ma haka, kuma gidansu randa kawai suke ginawa, su bar wa wasu kasko da tukunyar miya. Sai ka ga mai ɗibar ruwa daga rafi a kafaɗa, ta haura tudu da shi, sannan za ka san abin da ɗigo ɗaya yake nufi a wurinsu. A gidan nan in yarinya ta gina randa ta yi yoyo, ba a dukanta. Ita za a ɗora wa randar ta je rafi ta cika ta, ta dawo ta tsakiyar gari ruwa yana bin bayanta, yara suna binta da dariya. An yi wa Magdalene haka sau ɗaya tana ƙarama, ta ce mini ba a sake ba, kuma ba za a sake ba har ta koma ga Ubangiji.

Ta auri Abraham, manomin doya, mutum mai sanyin magana wanda zai iya yini bai ce uffan ba. Da aka fara yanka tituna, hanya ta cinye rabin gonarsa, sai ya samu aikin gadi a ma'aikatar da nake aiki, yana noma abin da ya rage a ranakun hutu. Ita kuwa da ta ji labarin za a kawo babban birni ƙofar gidansu, murna ta yi. A lissafinta mutane da yawa na nufin randuna da yawa. Ba wanda ya gaya mata cewa mutanen za su zo da famfo da firji. 'Yan ƙauyen ma da suka ga roba ba ta fashewa, suka bi yayi. Sai ta kai ga tana zuwa kasuwa da randa uku ta koma da uku, kafaɗa ta yi kanta, hannu ba komai.

Da damina ta kankama, ta zo gaishe ni ta zauna a bakin baranda ta yi tagumi. Na matsa mata, sai ta faɗa. Abraham ya roƙi ogansa, an yi mata alkawarin aikin shara a ma'aikatarmu in an tashi ɗaukar sababbi a watan Oktoba. Ta ce, "Shara ba abin kunya ba ne, Hajiya. Amma in na kama tsintsiya daga safe har yamma, yaushe zan taɓa yumɓu? Shi ke nan, a kaina aikin gidanmu ya ƙare." Maganar nan ta tsaya mini a rai, na kwana da ita na tashi da ita.

A daidai lokacin ne matan unguwarmu suka kafa ƙungiya. Dukkanmu baƙi ne, dukkanmu mun gaji da kallon jar ƙasa, sai aka yanke shawarar a yi baje kolin fulawa da kayan sana'ar hannu a ƙarshen damina, a filin wata makarantar firamare. Shugabarmu Madam Clara ce, 'yar Jos da ta yi shekaru a Legas, mace mai kirki da ƙarar murya, wadda ta taho da reshen fulawarta na rozi a cinya tun daga can kamar jariri. Da aka zo batun abin da za a shuka a ciki, na miƙe na ce ina da maginiya. Aka shirya cewa za ta gina wa mambobi tukwane su yi shuka tun yanzu, a ranar baje koli a nuna fulawar a cikinsu, ita kuma a ba ta rumfa ta sayar da nata. Na yi ta cika baki a kanta har Madam Clara ta ce to Safiyatu, mun ji, zauna.

Na kai wa Magdalene albishir, ta taka rawa a tsakar gidanta. Ta je ta yi magana da Abraham, suka tsaya a kan cewa in tukwane sun samu masu saye a baje kolin, ta ci gaba da gini. In ba su samu ba, ranar Litinin da ke biye ta je ta karɓi tsintsiya, ba gardama. Na zana mata siffar tukunyar a ƙasa da tsinke, baki mai faɗi, gindi tsukakke. Sannan na ce a tsakiyar gindin ta yi huji, wanda yatsa zai shiga.

Rawar ta tsaya. Ta ce, "Huji na mene?"

"Don ruwa ya riƙa fita."

"Ka zuba ruwa, kuma ka ce ya fita?"

Na ce haka ake yi, ai madambaci ma duk huji ne a gindinsa, kuma ba wanda ya ce ba tukunya ba ne. Ta ce madambaci tururi yake bari ya wuce, ba ruwa ba, kuma ma gidansu ba sa gina shi. Na sake bayani, na ƙara, har da nuni da hannu. Ta saurare ni da ladabi, ta sunkuyar da kai, ta ce, "To, Hajiya." Na zauna da mutane iri-iri a ƙasar nan, amma sai a wurinta na koyi cewa akwai "to" da yake nufin na ji, ba na yarda ba.

Tukwanen suka iso a bayan a-kori-kura, kuma wallahi sun yi kyau. Ta goge su da dutse har suna ɗaukar ido, ta yayyafa musu ruwan makuba da zafinsu suka yi dabbare-dabbare, baƙi a kan ja. Ta kuma cika kowace da baƙar ƙasar bakin rafi, ta ce kyauta ce, don ƙasar Wuse ba ta da kirki. Mata suka yi ta yaba hankalinta. Wa zai zubar da ƙasa mai kyau irin wannan don ya leƙa gindin tukunya? Kowa ta ɗauki nata ta yi shuka, aka jera a baranda da ƙofar gida, ruwan Satumba ya yi ta sauka a kai.

Da farko shukokin suka yi kore shar. Daga nan ganye ya fara rawaya. Muka ce taki ne bai isa ba, muka ƙara. Muka ce ko rana ce, muka matsar. Wata ma ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Saura kwanaki kaɗan baje koli, na dawo daga aiki na tarar da Madam Clara a ƙofata, ta kife tukunya a ƙasa, taɓo yana wari, ga rozinta na Legas a hannu, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Ta nuna mini gindin tukunyar, sumul kamar tafin hannu.

Ta ce, "Safiyatu, dubi. Ba huji. Ko ɗaya ba huji, na duba na kowa. Dis woman don kill my rose." Idonta ya kawo ruwa, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ba rumfa, ba komai, za a sayo bokitan roba a huda da wuƙa a rufa wa ƙungiya asiri. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen mako. Ta ce ta ba ni, don ni ce, amma kada in sake kawo mata maganar maginiya in ba da huji a hannu ba.

Ranar Asabar da safe na ɗauki tukunya ɗaya da matacciyar shukarta, na tari tasi kore da fari, ya kai ni inda kwalta ta ƙare, na ƙarasa a ƙafa. Duk hanya ina tsara faɗan da zan yi, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Na shiga gidan na tarar da tukwane jere a inuwar rumbu, masu yawan gaske, waɗanda ta gina domin rumfarta. Na kifa ɗaya, ba huji. Na kifa ta biyu, haka. Magdalene ta fito da fara'a tana goge hannu, Abraham yana zaune a kan kututture yana gyara ƙotar fartanya.

Na dire tukunyar a gabanta na ce, "Mama, me na ce miki? Ban ce ki huda ba?"

Ta dubi shukar, fara'ar ta gushe. Ta ce, "Na ji ka, Hajiya. Amma na ɗauka ba ka san tukunya ba ne. Na ce wannan mata yana da kirki, ba zan ba shi kayan banza ba a gaban mutane. Bari in yi masa mai kyau, in ya gani zai gode."

Faɗan da na taho da shi ya bi iska. Matar nan ba ha'inci ta yi ba, mutuncina take karewa, a ganinta. Na gaya mata abin da ya faru, fulawar mutane ta mutu, an ce ba rumfa. Ta zauna a ƙasa daɓas. Amma ko a nan ba ta sauko ba, ta ce ƙila irin shukar ne ba shi da ƙarfi, don ita ba ta taɓa jin inda ruwa ya kashe abu mai ganye ba. 

Sai Abraham ya ajiye fartanya. Ya zo ya zare shukar, ya sansana saiwar, ya murza ta da yatsa. Ya yi magana da Hausa don in ji, a hankali kamar yadda ya saba.

"Mama Dominic, me ya sa muke tara ƙasa tsibi-tsibi kafin mu sa doya?"

Ta ce, "Don kada ruwa ya kwanta masa."

"In ya kwanta fa?"

"Ya ruɓe."

Ya miƙa mata saiwar. "To, wannan ma ɗan'uwan doya ne. Randa gidan ruwa ne. Wannan gidan shuka ne, gona ne ƙarami. Ka taɓa ganin gona da aka toshe masa gindi?"

Na yi mamaki, don shi ne ya nemo mata aikin sharar, na ɗauka ma daɗi zai ji. Da na faɗa masa haka daga baya, ya yi murmushi ya ce saboda abinci ya nemo, ba don yana so ba. Ya ce matar nan in ta yini ba ta taɓa yumɓu ba, har kaji sun san ba lafiya a gidan.

Magdalene ta daɗe tana juya saiwar a hannu. Can ta miƙe, ta ɗebo ruwa ta jiƙa tukunya ɗaya sosai, ta tara jiƙaƙƙen yashi ta kifa ta a kai, ta karɓi ƙusa daga hannun mijinta. Ya ce ta kawo ya yi mata, ta ture hannunsa. Ta ɗora bakin ƙusar a tsakiyar gindin, ta tsaya, ta yi wata 'yar magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Na dubi Abraham, ya ce, "Mamanta take ba haƙuri." Ta fara murzawa. Tukunyar farko ta tsage gida biyu, ta ce ai ga shi nan, tukunyar ma ba ta yarda ba. Ta jawo ta biyu, ta sassauta hannu, tana murzawa tana ɗiga ruwa, jan gari yana fitowa. Ƙusar ta faɗa ciki.

Kafin nan matan maƙwabta sun taru a bakin danga, don labari ya zaga cewa 'yar gidan randa tana huda tukunya. Ta juyo tukunyar ta ɗaga ta sama, ta ce a zuba. Wata ta kwarara ruwa da ƙwarya, ruwan ya zubo ta ƙasa zar, ya jiƙa mata ƙafa. Matan suka kwashe da dariya har da tafi. Magdalene ta kawar da kai gefe, tausayinta ya kama ni ƙwarai. Sai kuma ita ma dariyar ta ƙwace mata, ta yi ta yi hawaye yana zuba, tana cewa da su su zo su kama aiki, dariya ba ta huda tukunya. Kafin la'asar mata biyar suna zaune da ƙusoshi, ni ma an ba ni tawa, na fasa biyu aka karɓe.

Saura matsala ɗaya, ba fulawar da za a nuna a ciki. Abraham ya ce shi bai san fulawa ba, amma yana da abin da yake da shi. Ya zaga bayan gida da fartanya ya riƙa cirowa da ƙasarsu, attaruhu da ya nuna jajir, ɗaɗɗoya, shuwaka, yalo, yakuwa mai jan kara. Aka dasa su a tukwanen aka jera a inuwa su farfaɗo. Ni dai na ce a raina wannan kayan miya ne, ba baje koli ba. Na ɗauki tukunya ɗaya mai huji na kai wa Madam Clara. Ta zura yatsa a ciki, ta ja tsaki, ta ce a ba ta rumfar can ƙarshe kusa da masu suya. Magdalene kuma ta yi kwanakin da suka rage tana bin gidajen mambobi da ƙusarta, tana huda tukwanensu tana ba da haƙuri.

Ranar baje koli gari ya waye tas, sama ta wanke. Ban san Abuja tana da mutane haka ba sai ranar. Aka kafa rumfunan zana da tamfol zagaye da filin. Ga masu tabarma da faifai, ga dukawa da jakunkuna da fulullukan fata, ga marina da zannuwa shuɗi, ga masu sassaƙa turmi da kujeru, ga wani dattijo da ya baza tsofaffin tasoshin tagulla da fitilun da tun zamanin kakanni ba a ga irinsu ba. Lasifika tana ta kiɗa, yara suna guje-guje da balan-balan. Teburin fulawar ƙungiya dai ya ɗan rame, kowa ya san dalili.

Magdalene ta ci ado da zanen cocinta, ta tsaya a bayan tukwanenta, Abraham a gefe da hularsa ta gadi. Da farko mutane suka riƙa wucewa zuwa wurin suya. Na yi ta kai da kawowa kamar ni ce za a ba tsintsiyar. Sai wata Bayarabiya ta tsaya da tsire a hannu, ta sunkuya ta tsinki ganyen ɗaɗɗoya ta murza ta kai hanci. Ta ƙwala wa ƙawarta kira. Ashe tun da suka baro Legas ba su samu ɗanyensa ba, ga shi a bene suke, ba wurin shuka ko taku ɗaya. Wani Inyamuri ya hango shuwaka ya taho da sauri. Kan ka ce kwabo rumfar ƙarshe ta cika, don duk mu mazauna bene ciwonmu ɗaya, muna son abu mai rai a baranda, in ya zama ana iya jefa shi a miya kuwa, ai an gama.

Wani mutum mai tabarau ya ɗauki tukunya marar shuka ya juya gindinta yana dubawa. Magdalene ta karɓe, ta zura yatsa ta hujin har ya leƙo, ta kaɗa masa shi a fuska. Ta ce, "Oga, ka tambayi mutane. Tukunya na yana yoyo sosai. Duk Abuja ba wanda ya kai shi yoyo." Na yi dariya har na riƙe ciki, Abraham ma sai da haƙoransa suka fito. Madam Clara ta iso da alƙalan baje kolin, ta tsaya ta sha kunu na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Mama, ban yafe rozi na ba tukuna. Amma ki ajiye mini mai attaruhu biyu." Kafin rana ta karkata ba abin da ya rage a rumfar sai yashi da ganye. Wani mai renon fulawa a bakin titi ya ce yana son cikin mota guda kowane wata, wasu suka ce a kwatanta musu ƙauyen.

Ta yi shekaru da yawa tana gini bayan wannan. Da gine-gine suka matso, suka ƙaura gaba, ta nemo sabon ramin yumɓu, ta koya wa matan da suka yi mata dariya, ta koya wa 'ya'yansu. Baje kolin ya zama na kowace shekara har ƙungiyarmu ta watse, kuma ba a sake kai rumfarta ƙarshe ba. Yanzu tun yumɓun yana ɗanye take yin hujin da babban yatsa, abin minti ɗaya, amma har ta tsufa ba ta yinsa tana kallo, sai ta ɗaga kai sama.

Ni dai abin da ya fi zama mini a rai shi ne safiyar Litinin da ta biyo bayan baje kolin. Na shigo ma'aikata, Abraham ya buɗe mini ƙofa ya gaishe ni kamar kullum, sai dai fuskarsa tana ta sheƙi. A farfajiya na tarar da sababbin masu shara sun yi layi, shugabansu yana kiran suna yana miƙa wa kowa tsintsiya da bokiti. Ina hawa mataki na ji ya ce, "Magdalene Abraham." Ba wanda ya amsa. Ya sake kira da ƙarfi, yana waige-waige, tsintsiyar tana hannunsa.

Na leƙo ta saman bene na ce, "Malam, ba wa wata. Ba za ta zo ba, tana da aiki."